Malamin Fiyano a Falo: Ilimi ko Ƙawa?

Fiyano ya daɗe da shiga kunnen Bahaushe. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da situdiyoyin Kano suka fara sayen na'urorin Yamaha masu madannai suna haɗa waƙoƙin fim da su, sautinsa ya mamaye gidan biki da motar haya da shagon mai caji, har ya kutsa cikin waƙoƙin bege da na siyasa. Abin da yake sabo shi ne malamin da zai zo gida ranar Asabar da jakar littattafansa, ya zauna kusa da ɗan shekara bakwai na rabin awa ko awa guda, a biya shi a ƙarshen wata kamar yadda ake biyan malamin lesin lissafi. A Legas wannan tsohon zance ne. A wasu unguwannin Abuja ya zama ruwan dare, a Jos da Kaduna kuwa coci-coci sun daɗe suna raya shi. Yanzu har magidanta da 'yan fansho akan samu suna cigiyar wanda zai koya musu. Duk inda aka ta da maganar sai jama'a su rabu biyu: masu cewa gata ne da ya kamata kowane uba mai hali ya yi wa ɗansa, da masu cewa kuɗi ne kawai ya yi wa wasu yawa.

Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Sai dai na lura ba ita suka fi ɗagawa ba.

"Yana buɗe ƙwaƙwalwa." Da wannan ake fara tallata lesin ga iyaye, kuma da shi uwa take shawo kan maigida idan ya fara lissafin kuɗin. A ce yaron da ya koyi fiyano zai fi sa'o'insa lissafi, zai fi su riƙe karatu. Maganar tana da asali, kuma asalin ya cancanci a bi shi a hankali. A 1993 wasu masu bincike uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine suka buga ɗan taƙaitaccen rahoto a mujallar Nature. Sun sa ɗalibai 36 na jami'a sun saurari kiɗan Mozart na minti goma, sai aka ga sun ɗan fi ƙoƙari a gwajin da ya shafi siffofi da juya su a zuci. Bayan kamar kwata na awa tasirin ya ɓace. Ba yara ba ne, ba koyon kiɗa suka yi ba, kuma ba wanda ya ce basirarsu ta ƙaru dindindin. Amma kafin a ankara labari ya sha bamban a jaridu, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya a Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 domin a raba wa kowane jariri faifan kiɗa.

Binciken da ya fi wannan kusa da batunmu shi ne na Glenn Schellenberg a Toronto, wanda ya fito a 2004. Ya ɗauki yara 144 'yan shekara shida, ya kasa su huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon rera waƙa, masu koyon wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a koya wa komai ba. Bayan mako 36 duka yaran sun ƙaru a gwajin basira, domin sun shiga makaranta, amma 'yan kiɗa da waƙa sun ɗara sauran da abin da bai kai maki uku ba. Riba ce, amma 'yar kaɗan, kuma shi kansa Schellenberg daga baya ya zama cikin masu jan hankalin mutane da kada su zuzuta ta. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka ƙunshi yara kusan dubu bakwai, suka ce idan aka tsaya a kan waɗanda aka tsara da kyau, inda aka raba yaran da ƙuri'a kuma aka kwatanta su da masu koyon wani abin daban, ribar takan kusan zama sifiri. Akwai masanan da suka soki lissafinsu suka ce akwai ɗan tasiri, amma ko su ba su ce babba ne ba.

To me ya sa ake ganin 'yan lesin fiyano suna zuwa na ɗaya a aji? Gidan da zai iya biyan malamin kiɗa shi ne gidan da ke da littattafai, da abinci sau uku, da wutar karatu da dare, da uwa mai duba aikin gida. Yaron ya riga ya tsere wa sa'o'insa tun kafin ya taɓa madanni. Wanda yake son ɗansa ya iya lissafi, ya nemo masa malamin lissafi, ya fi sauƙi kuma ya fi tabbas. A wannan gaɓar masu adawa sun yi nasara.

Hujjar masu goyon baya da ta fi ƙarfi ba ta da kwarjinin waccan. Suna cewa kiɗa ilimi ne a karan kansa, kuma irin ilimin da ba ya koyuwa a aji mai yara sittin. Fiyano yana da madannai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Hannun dama yana wani abu, na hagu yana wani daban, ƙafa tana kan feda, ido yana karanta layuka biyu na rubutun kiɗa a lokaci guda. Idan yaro ya saba sandarar da wuyan hannu, ko yana danna madanni da yatsan da bai dace ba, sai wanda ke zaune a gefensa ne zai gani ya gyara tun abin bai zame masa jiki ba. Bidiyon YouTube yana nuna maka yadda ake yi, amma ba ya ganin yadda kake yi. Wannan shi ne ainihin abin da ake biya: idon gwani a kan hannun ɗan koyo.

Sukan ƙara da maganar haƙuri. Yaro zai zauna gaban wani yanki na kiɗa da ya gagare shi ƙiri-ƙiri, ya yi ta maimaita shi a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya, bayan mako uku ya ga yatsunsa suna yi ba tare da ya yi tunani ba. Wanda ya ɗanɗana wannan, in ji su, ya san cewa gagara ba ta dawwama. Na yarda. Amma wani dattijo mai adawa zai iya cewa, kuma da gaskiyarsa, wannan darasi muna da shi tun kafin a ƙera fiyano na farko a Fulorans wajen 1700. Yaron da ya wanke allo ya sake rubutawa, ya yi tilawa da asuba har ya kai sauka, ya san abin da maimaici yake haifarwa. Haka ɗan koyon ɗinki, haka ɗan koyon saƙa. Fiyano hanya ce ɗaya daga cikin hanyoyi, ba shi ne ya ƙirƙiro juriya ba.

Daga nan ne muhawarar take shiga wuri mai duhu. A mako akwai awa 168, malami yana da ɗaya. Abin da zai sa yaro ya ci gaba yana cikin sauran, wato bitar minti ashirin ko talatin ta kullum, kuma yawancin yara ba sa son ta. Sai uwa ta zama 'yar sanda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji masu goyon baya, kuma sukan kawo misalin Lang Lang na ƙasar Sin, wanda aka haifa a Shenyang a 1982, ya fara fiyano yana ɗan shekara uku, ya zo ya yi kiɗa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne abin da shi kansa ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa: yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya ajiye aiki ya tafi da shi Beijin, wata malama ta kore shi ta ce ba shi da baiwa, uban ya fusata har ya umarce shi da ya kashe kansa. Lang Lang ya tsira ya shahara. Miliyoyin yaran Sin da aka zaunar gaban fiyano a bayansa ba wanda ya san sunansu, kuma da yawa sun rufe murfin abin ranar da aka daina tilasta musu. A 2011 Amy Chua, farfesar shari'a a Jami'ar Yale, ta ta da ƙura a Amurka da littafin da ta bayyana yadda ta hana 'yarta tashi shan ruwa ko zagayawa har sai ta iya wani kiɗa. 'Yar ta iya a daren, amma daga baya ta yi wa uwar tawaye.

Akwai wani bincike da ya kamata iyaye masu zafin nema su ji. A 2014 aka duba tagwaye sama da dubu goma a Suwidin, aka tarar tagwayen da suke kama ɗaya sak, ko da ɗaya ya fi ɗan'uwansa dubban awoyin bita, kunnensu wajen bambance sauti da kari kusan ɗaya ne. Har son yin bitar ma an ga yana da rabo babba daga gado. Wannan bai nuna bita banza ce ba, domin ba mai iya fiyano ba tare da ita ba. Abin da ya nuna shi ne akwai abin da bulala ba ta sa wa yaro.

Ga Musulmi kuwa akwai tambayar da take gaban duk waɗannan, kuma ba daidai ba ne a tsallake ta kamar babu ita. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu, har da Malikiyya da ta fi yaɗuwa a ƙasashenmu, sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, suka yi rangwame ga duffi a wurin biki, kuma babbar hujjarsu hadisi ne da ke cikin Sahihul Bukhari. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya saɓa musu, ya ce hadisan hanin ba su inganta ba a wurinsa. Imam Ghazali ya ware babi guda a Ihya'u a kan sauraro, ya halatta shi da sharuɗɗa, duk da cewa ya cire kayan da aka san mashaya da su. A zamaninmu Yusuf al-Ƙaradawi ya halatta kiɗa matuƙar bai haɗu da alfasha ba kuma bai shagaltar daga wajibi ba, wasu manyan malamai kuma suka yi masa raddi. Ko mandirin Ƙadiriyya a Kano, wanda Shaikh Nasiru Kabara ya tsaya a kansa, bai tsira daga wannan jayayya ba. Ba hurumin marubucin mujalla ba ne ya yanke abin da malamai suka shekara dubu suna tattaunawa. Magidancin da ya bi fatawar hani ya gama magana a gidansa, kuma wanda ya kira shi baƙauye ya yi rashin adalci. Abin da kawai zan ce shi ne, gidan da waƙar fim take tashi daga kowace waya daga safe zuwa dare ba zai iya fakewa da fatawar ba sai ranar da yaro ya ce yana son ya koya. A gidajen Kirista na Filato da Kudancin Kaduna da Wusasa lissafin daban ne: kowace Lahadi coci yana bukatar mai fiyano, yaron da ya iya yana da wurin da zai yi amfani da abin da ya koya, kuma wannan ne ya sa lesin ya fi kama ƙasa a can.

Ina zargin ma cewa a gidaje da dama abin da ke hana ruwa gudu bai shafi fiƙihu ba. Tsoron a ce ɗan wane ya zama maroƙi ne. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kuma an ajiye masu ita a ƙasan tsani, ana jin daɗinsu ana yi musu kyauta, amma ana ɗari-ɗari da ba su aure. Musa Ɗanƙwairo a gidan mahaifinsa ya koyi kiɗa, ya yi amshi kafin ya zama jagora. Mamman Shata kuwa bai gada ba, kuma mahaifinsa bai so ba; sai da duniya ta san shi, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. To ga abin dariya: uban da zai biya a koya wa ɗansa fiyano, ya ɗauke shi bidiyo ya tura wa dangi, shi ne zai zare ido idan ya tarar da yaron da kalangu a hammata. Fiyano yana zuwa da ƙamshin boko da Turai, ba ya tuna wa kowa roƙo. Masu cewa lesin ƙawa ce a nan suke samun abin kamawa, kuma sun kama da kyau.

Wannan ya kai mu ga sukar da na fi ɗauka da muhimmanci, ta masu kishin kiɗan gida. Suna cewa muna kashe kuɗi yaranmu su haddace kiɗan Jamus da Ostiriya na ƙarni na 18, alhali masu kotso da taushi da kukuma da gurmi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya babu magada. Kuma ba kishi ne kawai ba, akwai hujja ta fasaha a ciki. Fiyano yana da sautuka goma sha biyu a kowane zango, tazararsu ɗaya, an ɗaure su ba sa motsi. Ka danna madanni, abin da ya fito ya fito. Kalangu kuwa matsa shi ake yi a saki, sautinsa yana hawa yana sauka yana bin karin maganar Hausa har ya kira sunan mutum ya yi masa kirari. Goge yana zamewa tsakanin sauti da sauti, ya tsaya a wuraren da fiyano ba shi da madanninsu. Yaron da aka shekara takwas ana gaya masa cewa daidai shi ne abin da fiyano ya faɗa, akwai haɗarin ya ji goge ya ce ai bai saitu ba. Larabawa sun san wannan matsala, domin maƙamai da yawa na kiɗansu suna da sautukan da ke faɗawa tsakanin madannai biyu.

Amsar ɗaya ɓangaren ita ma tana da ƙwari. Ka bar fararen madannai ka bi baƙaƙen kaɗai, za ka ji tsani mai hawa biyar, irin wanda waƙoƙi masu yawa na Hausa da Sudan da Habasha suke tafiya a kai. Emahoy Tsege Mariam, 'yar zuhudun Habasha da ta rasu a 2023 tana da shekara 99, ta koyi kiɗan Turai tun tana ƙarama, amma abin da ta fitar daga fiyano ba mai jin sa ya ce ba na ƙasarta ba ne. Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu ya fara lesin yana ɗan shekara bakwai a Kef Tawun, ya musulunta a 1968, kuma kiɗansa mai suna Mannenberg na 1974 ya zama taken masu yaƙi da wariyar launin fata. A nan Najeriya Akin Euba ya shafe rayuwarsa yana nuna cewa ana iya sa fiyano ya yi magana irin ta ganguna, kafin shi kuma Fela Sowande ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya gina African Suite a kansu. Fela Kuti ma sai da ya je kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan a 1958 kafin ya dawo ya ƙirƙiro nasa. Ba ɗaya daga cikinsu da karatun ya raba da gida.

Sannan a dubi halin da kiɗan Hausa na zamani yake ciki. Fiyano ya riga ya ci kasuwa, ko an yi lesin ko ba a yi ba. Da yawa daga masu kaɗa shi a situdiyo da kallo suka koya, na'urar ce take ba da ganga da rakiya da kanta, su kuma su ɗora kari da hannu ɗaya. Shi ya sa za ka ji waƙa goma kamar uwa ɗaya ta haife su. Akwai masu baiwa da suka yi abin mamaki ba malami, irin Mamman Sani na Nijar wanda ya sayi ogan na lantarki ya koya wa kansa, ya fitar da kaset a 1978 da sai a 2013 duniya ta farga da shi. Amma ba a gina sana'a a kan irinsu, domin ba su da yawa. Da za a samu samari ɗari da suka san yadda sautuka suke haɗuwa, suka iya rubuta abin da suka ji, da kiɗan fim ya canza, kuma da an samu masu zama su rubuta karin Narambaɗa da na Barmani Coge kafin kasakasan su gama lalacewa.

Shi kansa zaman mutum biyu, gwani da ɗan koyo, ba baƙo ba ne a wurinmu. Malam Mamane Barka, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi a Nijar, ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi gaɓar Tafkin Chadi wurin Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar na Buduma. Ya zauna ya koya, dattijon ya rasu bayan 'yan shekaru, biram kuma ya kai har dandamalin Turai a hannun ɗalibin. Lesin ne wannan, ba wani abu ba. Abin da ya rage shi ne a daina ganin fiyano kaɗai ya cancanci a biya malaminsa.

Batun kuɗi ba ya bukatar dogon bayani. Fiyano na katako yana da wayoyi kusan 230 da suke jan jikinsa da nauyin da ya kusa tan ashirin, kuma katakon yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. A busasshiyar iskar Kano ko Damagaram sautin yakan kauce, wani lokaci allon cikin ya tsage, masu saita shi kuma ba su da yawa a arewa. Saboda haka na lantarki ake saye. Ƙarami mai madannai 61 marasa nauyi ya isa shekarar farko, bayan nan malami zai ce a nemo mai 88 masu nauyi, sai kuma a yi tanadin batir ko sola saboda NEPA. Duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 cikin ƙasa da shekara. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun 2024, kowa ya san 'ya'yan wa ake magana. Masu adawa suna cewa gara a sa ƙarfi a koyarwar taro, su kawo misalin El Sistema da José Antonio Abreu ya fara a Benezuwela a 1975 da matasa goma sha ɗaya, ya zama shirin kyauta ga dubban ɗaruruwan yara. Muna da 'yan misalai a kusa: ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983, wadda makarantarta take ba da difloma da tallafin gidauniyar MTN, da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai tun 1989. Gaskiya ne ana bukatar irinsu da yawa. Amma rashinsu ba ya mayar da lesin laifi ga wanda yake da hali, kamar yadda lalacewar makarantar gwamnati ba ta hana kowa ɗaukar malamin lesin Turanci.

Abin da ya fi damuna da tsada shi ne rashin ma'auni. Duk wanda ya iya waƙa uku a coci ko situdiyo yana iya buga kati ya ce shi malami ne, iyayen da ba su san kiɗa ba kuma ba su da yadda za su gane. Nan jarrabawar hukumomin Ingila take da amfani. ABRSM, wadda aka kafa a 1889, tana da mataki takwas, kuma a jarrabawarta ta asali ana gwada kiɗan da aka shirya, da hawa da saukar tsanin sauti, da karanta rubutun da ba a taɓa gani ba, da kaifin kunne. Mai jarrabawar ba ya cin albashin malamin, saboda haka sakamakon yana faɗa wa uba gaskiya. Illarta ita ce takan zama ita ce manufar. Akan samu yaro mai takardar mataki na biyar wanda ya shekara yana goge kiɗa uku, a ce ya kaɗa waƙar da ake yi a bikin yayarsa ya tsaya yana neman takarda. Shinichi Suzuki na Japan ya gina tsarinsa a kan akasin haka: yaro ya fara da kunne kamar yadda ya koyi harshen uwa, rubutu ya biyo baya, kuma uwa ko uba su zauna a wurin darasin.

Wannan zama na iyaye yana da wani amfanin da ba a son faɗa. Lesin yana nufin babba da yaro su kaɗai, kusa da juna, har da taɓa hannu. A 2013 kotu a Ingila ta ɗaure wani tsohon daraktan kiɗa na makarantar Chetham's da ke Mancesta saboda lalata da ɗalibarsa shekaru da dama kafin nan, matar kuma ta kashe kanta ana cikin shari'ar, abin da ya buɗe ƙofar ƙorafe-ƙorafe a wasu makarantun kiɗa na ƙasar. Idan hakan ya faru a shahararriyar makaranta mai dokoki, to baƙon da aka samo lambarsa a WhatsApp ba a barin sa da yaro a ɗaki. A falo, ƙofa a buɗe, babba yana kusa. Malamin kirki shi ne zai fara neman haka.

Idan aka zo kan manya, kusan duk sukar nan sai ta zube. Ba wanda ya tilasta musu, kuɗinsu ne, kuma ba su zo neman zama na ɗaya a aji ba. Wahalarsu daban ce: kunnensu ya riga hannunsu nisa, sun san yadda kiɗan ya kamata ya fito, yatsu kuma suna ƙi, ga kunyar babba ya zauna yana ƙirga ɗaya-biyu-uku a gaban wanda ya haifa. Ɗan shekara hamsin ba zai zama Lang Lang ba, amma ai ɗan shekara biyar ɗin ma da wuya ya zama. Gemu ba ya hana ilimi, kuma babba yana da abin da yaro ba shi da shi: ya san dalilin zamansa, yana fahimtar bayani sau ɗaya, yana bita ba sai an kira shi ba. Wani ƙaramin bincike da Jennifer Bugos ta jagoranta a Amurka a 2007 ya ga 'yan shekara 60 zuwa 85 da suka yi lesin wata shida sun ɗan ƙaru a gwajin natsuwa da tsara tunani. Mutanen ba su da yawa, ba zan gina gida a kansa ba, tunda na ƙi yarda a gina a kan na yara. Ya isa a ce ma'aikacin da ya yi ritaya ya sami abin da yake ɗokin wayewar gari saboda shi.

Shawarata ga mai tunanin ɗaukar wa ɗansa malami ita ce ya yi gwajin wata uku da ƙaramar na'ura, ko ta aro, kafin ya sayi babba. Kada ya tambayi yaron ko yana so, domin zai faɗi abin da ake son ji. Ya lura kawai ko yana zuwa wurin abin da kansa a ranar da malami ba ya nan, ko da wasa yake yi da shi. Idan wata uku suka cika sai an kira shi da tsawa, a sallami malamin cikin mutunci, a gwada bayan shekara biyu ko a gwada wani abin kiɗan. Shi kuma malamin, ranar da ya fara zuwa, bayan an ga takardunsa, a kunna masa waƙar Shata ko ta Ɗan Maraya a waya, a ce ya saurara sau biyu ya fitar da karinta a kan madannai. Wanda ya iya, a yi ciniki da shi. Wanda ya ce shi sai da littafi, a ba shi kuɗin mota.